Jinin Al'ada Da 'Yan Wasa Mata: Lissafin Da Ya Haɗa Filin Wasa Da Kasuwar Kan Iyaka

Idan masu karatu ba su manta ba, a ranar 26 ga Yulin 2025 ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matan Najeriya, wato Super Falcons, ta ɗauki kofin Afirka karo na 10 a birnin Rabat, bayan ta farke ƙwallaye 2 da mai masaukin baƙi Maroko ta zura mata kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka tashi wasa 3 da 2. Ghana ce ta zo ta 3 a gasar. Mako guda bayan haka sai 'yan ƙwallon kwando na D'Tigress suka doke Mali a Abidjan, suka ɗauki kofin Afirka karo na 5 a jere. Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar girmamawa ga kowace 'yar wasa, labarin da ya zaga rumfunan kasuwa tun daga Jibiya har Maraɗi, domin ko wanda bai damu da ƙwallo ba ya san abin da wannan kuɗi ke nufi idan aka canza shi zuwa naira ko sefa.

Maƙwabtanmu ma ba a bar su a baya ba. Françoise Mbango ta Kamaru ta ci zinare a tsallen taku uku a gasar Olamfik ta 2004 a Atens, ta haihu a 2006, ta kuma dawo ta sake cin zinare a Beijing a 2008 da tsallen mita 15.39. Aminatou Seyni ta Jamhuriyar Nijar ta zo ta 4 a duniya a tseren mita 200 a 2022. Noélie Yarigo ta Jamhuriyar Benin ta samo tagulla a tseren mita 800 a gasar duniya ta cikin ɗaki da aka yi a Glasgow a 2024. Matan Kamaru kuwa sun tsallake zagayen farko a gasar cin kofin duniya ta 2015 da ta 2019. Ke nan wasan mata ya zama sana'a mai kuɗi da suna a wannan yanki namu, ko muna so ko ba mu so.

To sai dai akwai wani al'amari da ke tare da kowace ɗaya daga cikin waɗannan mata, wanda yake zuwa duk wata ba tare da ya duba jadawalin gasa ba, kuma ba kasafai ake jin maganarsa a bakin masu sharhin wasanni ba. Wannan al'amari shi ne jinin al'ada. Muna neman afuwar masu karatu da za su ga kamar maganar ta yi nauyi a shafin jarida, amma malamanmu sun sha gaya mana cewa babu kunya wajen neman sani, kuma ɗalibin da ya karanta Ahalari ko Risala a zaure ya wuce ta babin haila ba tare da an rufe littafin ba. Bugu da ƙari, kamar yadda za mu gani a gaba, audugar mata da magungunan da wannan magana ta shafa, da yawansu ta hannunmu 'yan kasuwar kan iyaka suke bi.

Yadda aka fasa ƙwan a ƙasashen waje

Shekaru da dama 'yan wasa mata na haɗiye wannan damuwa su yi shiru. Paula Radcliffe ta Birtaniya ta bayyana daga baya cewa ranar da ta kafa tarihin duniya a gudun famfalaki na Chicago a 2002, cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 18, tana fama da ciwon mara a ƙarshen tseren. A 2015 'yar wasan tenis Heather Watson ta faɗi a zagayen farko na gasar Ostireliya, ta ce wa 'yan jarida abin nan na mata ne ya same ta. A gasar Olamfik ta 2016 a Rio, 'yar ninƙaya Fu Yuanhui ta ƙasar Sin ta faɗa a gaban kyamara cewa jini ya zo mata a daren da ya gabata, shi ya sa ta ji jikinta ya mutu. A 2022 kuma Dina Asher-Smith, ita ma ta Birtaniya, ta zo ta ƙarshe a wasan ƙarshe na mita 100 a gasar Turai da aka yi a Munich bayan tsokar ƙafarta ta ɗaure, ta danganta abin da al'adarta, ta kuma nemi a ƙara bincike a kai.

Waɗannan maganganu sun yi tasiri. Ƙungiyar matan Amurka da ta ci kofin duniya a 2019 ta riƙa bibiyar kwanakin al'adar 'yan wasanta don daidaita abinci da barci da hutu. A 2020 ƙungiyar mata ta Chelsea, a ƙarƙashin koci Emma Hayes, ta sanar da cewa ita ma ta ɗauki wannan tsari. Gasar tenis ta Wimbledon, wadda ta shahara da tilasta fararen kaya tun daga sama har ƙasa, ta yarda mata su sa gajeren wando mai duhu daga ciki daga 2023, kuma a wannan shekarar ce matan Ingila suka sauya farin wandonsu da shuɗi. Dalili shi ne fargabar da yarinya ke shiga idan tana tunanin jini zai bayyana a tufafinta a gaban dubban 'yan kallo.

Mataki mafi nauyi shi ne wanda hukumar FIFA ta ɗauka. Daga ranar 1 ga Yunin 2024, ƙa'idarta ta ba ƙwararriyar 'yar wasa damar ƙin halartar atisaye ko wasa idan al'ada ta tsananta mata, muddin ta kawo takardar likita, kuma dole ƙungiyarta ta biya ta albashinta cif. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Ghana duk mambobin FIFA ne. Abin tambaya a nan shi ne: 'yar wasan da ƙungiyarta ba ta da likita, wani lokaci ma ba ta da takardar kwantiragi, a ina za ta samo takardar da za ta nuna?

Me ke faruwa a cikin jiki?

Kafin mu je ga namu, ya kamata mu fahimci abin da likitoci suka tabbatar. Zagayen al'ada yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35, akasari wajen 28, ana fara ƙirge daga ranar farko da aka ga jini. Sinadarai 2 ne ke jan ragamarsa, waɗanda likitoci ke kira istirojin da furojestaron. A kwanakin jini dukkansu suna ƙasa. Daga nan istirojin ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa dab da fitar ƙwan haihuwa a tsakiyar zagayen. Bayan fitar ƙwai sai furojestaron ya karɓi ragama, zafin jiki ya ɗan ƙaru da kimanin digiri 0.3 zuwa 0.5, bugun zuciya ma ya ɗan ɗaga. Idan ba a samu ciki ba sai dukkansu su faɗi, a nan ne mata da yawa ke jin kumburin ciki da ciwon kai da nauyin ƙirji da ƙarancin barci da saurin fushi, sannan jini ya biyo baya. Ciwon marar kuwa yana zuwa ne daga wasu sinadarai da ke sa mahaifa ta riƙa matsewa don ta fitar da abin da ke cikinta.

Da jin wannan, mutum zai zaci cewa ƙarfin mace na hawa da sauka ne daidai da kalanda. Wani hanzari ba gudu ba, bincike bai nuna haka a fili ba. A 2020 wasu masana a Birtaniya, ƙarƙashin jagorancin Kelly McNulty, sun tattara bincike 78 da aka yi a kan wannan batu, suka gano cewa raguwar kuzari a kwanakin farko na jini 'yar kaɗan ce ƙwarai idan aka haɗa mata gaba ɗaya, kuma yawancin binciken ba su da inganci sosai. Shawararsu ita ce a bi kowace mace da yanayinta. A 2023 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka ce ba su ga hujjar cewa kwanakin al'ada na sauya ƙarfin tsoka ko amfanin da ake samu daga ɗaga ƙarfe ba. A 2024 kuma wani bincike na jami'ar UCL da ke Landan ya nuna abin mamaki: matan da aka gwada sun fi saurin mayar da martani da ƙarancin kuskure a kwanakin jini, duk da cewa su da kansu sun ce a kwanakin ne suka fi jin ba daɗi.

Ma'anar wannan ita ce, jinin al'ada ba cuta ba ne, kuma bai hana mace gudu ko cin gasa, ga Radcliffe nan shaida. Abin da ke kawo cikas shi ne alamomin da ke rakiyarsa, kuma waɗannan sun bambanta daga mace zuwa mace. Wata ba ta ma san ta yi ba, wata kuwa sai ta kwanta kwana 2 tana amai. Kocin da ya ɗauki dukan 'yan wasansa 22 ya yi musu kuɗin goro, ko dai ya ce duk su huta ko ya ce duk raki ne, ya yi kuskure ta kowane ɓangare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalilin da ya sa ilimin bai yi zurfi ba shi ne an daɗe ana gwaji a jikin maza ana ɗora sakamakon a kan mata. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya duba binciken kimiyyar wasanni daga 2014 zuwa 2020, ya tarar kashi 6 cikin 100 kacal ne aka yi su a kan mata zalla. Yawancin wannan kaɗan ɗin ma a ƙasashen sanyi aka yi shi, a kan matan da ke cin abinci sau 3 a rana.

Batun rauni

Inda hankalin manyan ƙungiyoyi ya fi tashi shi ne wajen rauni, domin a nan kuɗi ke zuba. An daɗe da sanin cewa mata 'yan ƙwallo sun fi maza tsinkewar babbar jijiyar cikin gwiwa, ninki 2 zuwa sama, raunin da kan ajiye ɗan wasa wata 9 zuwa shekara guda. Shi ne ya hana Leah Williamson da Beth Mead na Ingila da Vivianne Miedema ta Holan zuwa gasar cin kofin duniya ta 2023. Wani bincike da aka wallafa a 2024, wanda ya bi 'yan wasa 26 na wata babbar ƙungiyar Ingila tsawon shekara 3, ya gano cewa raunin tsoka ya fi aukuwa a kwanakin da ke gab da zuwan jini, har kusan ninki 6 idan aka kwatanta da kwanakin jinin kansu. Mutum 26 ba su isa a kafa doka a kansu ba, shi ya sa a 2025 FIFA ta ɗauki nauyin wani bincike a Jami'ar Kingston ta Landan don a auna sinadaran jinin 'yan wasa a ga ko suna da hannu a tsinkewar jijiyar.

Amma kada mu ɗora wa sinadari laifin da ba nasa ba. Masana sun kuma nuna yatsa ga takalman da aka ƙera da ma'aunin ƙafar namiji, da rashin kyawun fili, da yawan wasanni, da rashin atisayen ƙarfafa cinya tun yarinta. A wurinmu, inda yarinya ke buga ƙwallo a kan tsakuwa da takalmin gwanjo na yayanta, waɗannan su ne suka fi kusa. 'Yar wasan Chelsea idan jijiyarta ta tsinke an yi mata aiki cikin kwanaki. Tamu kuwa, sau da yawa ƙarshen sana'ar ke nan.

Namu ciwon: ƙarancin jini da ƙarancin abinci

Alal haƙiƙa, abin da ya fi damun yankinmu ya sha bamban da abin da jaridun Turai suka fi yayatawa. Na farko shi ne ƙarancin jini. Mace kan zubar da kimanin mililita 30 zuwa 40 a kowace al'ada, idan ya wuce 80 likitoci na ɗaukarsa a matsayin mai yawa. Tare da jinin ne sinadarin ƙarfe ke fita, wanda shi ne ke taimaka wa jini ɗaukar iska zuwa tsoka. Shi ya sa ake ƙiyasta buƙatar mace mai al'ada a miligiram 18 a rana, alhali namiji 8 ya ishe shi. Wani bincike da aka yi a kan matan da suka shiga gudun famfalaki na Landan a 2015 ya nuna fiye da kashi 1 cikin 3 na fama da zubar jini mai yawa, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa kai kuka ga likita.

Idan haka abin yake a Landan, ina ga nan? Binciken lafiya na ƙasa da Najeriya ta yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya duk suna ƙara ci, kuma ba su san shingen kwastan ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Yarinyar da jininta ya yi ƙasa za ta riƙa haki da wuri, jiri na ɗibarta, ƙafa ta yi nauyi, sai malamin wasanni ya ce lalaci ne, alhali gwajin jini na 'yan mintoci a asibitin gari zai bayyana gaskiya. Ƙara da zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Birnin Ƙonni da Maigatari da Kuseri, a kan jikin da zafinsa ya riga ya ɗaga a rabi na biyu na wata.

Maganin wannan yana cikin kasuwarmu: hanta da nama da kifi da wake da zogale da alayyahu da gero. Lemon tsami da tumatir da gwaiba da garin 'ya'yan kuka na taimaka wa jiki ya sha ƙarfen da ke cikin ganye da hatsi. Shayi kuwa yana tare shi, don haka yarinyar da ke fama da ƙarancin jini gara ta jinkirta shayinta da kamar awa guda bayan cin abinci. Wannan shawara ce da ta shafi musamman 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi, inda butar shayi ba ta sauka daga wuta.

Na biyu shi ne ɗaukewar al'ada gaba ɗaya. Idan 'yar wasa na ƙona ƙarfi fiye da abin da take ci, jiki kan rufe wasu ayyuka don ya tsira, kuma na farko da yake rufewa shi ne na haihuwa. Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka haɗa abubuwa 3 wuri guda: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin, ya kuma sabunta shi a 2023. Idan istirojin ya yi ƙasa na tsawon lokaci ƙashi yakan yi laushi ya riƙa tsagewa, kuma shekarun budurci su ne lokacin da jiki ke tara ƙarfin ƙashin da zai ci har tsufa. A Turai yawanci son rama ke jawo wannan. A nan talauci ne ke jawo shi: yarinya ta fita atisayen asuba da koko kofi guda, ta wuce makaranta, ta dawo ta ɗauki talla. Wasu ma murna suke yi idan jinin ya ɗauke, suna ganin an huta. Ƙa'idar likitoci ita ce, duk wadda ta yi wata 3 ba ta ga al'ada ba kuma ba ciki gare ta ba, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba, a kai ta asibiti.

Inda maganar ta iso rumfarmu

Duk wannan ilimi ba ya amfanar yarinyar da ba ta da abin da za ta tsare jikinta da shi. Rahoton da hukumar lafiya ta duniya da UNICEF suka fitar a Mayun 2024 ya ce a Afirka kudu da Sahara makaranta 1 ce cikin 8 ke samar da audugar mata, kyauta ko ta sayarwa, kuma kusan 1 cikin 10 ce ke da kwandon zubar da ita a bayin 'yan mata. Wadda ke amfani da ƙunzugun tsumma ba za ta yarda ta yi tsalle ko gudu a gaban jama'a ba. Haka za ta riƙa rasa kwana 4 ko 5 na atisaye duk wata, a shekara kusan wata 2 ke nan, har ta gaji ta bari. Da yawa daga cikin waɗanda za su iya zama Mbango ko Seyni a nan suke tsayawa, ba tare da kowa ya san dalili ba.

Farashin audugar kuwa siyasar kan iyaka ce ke juya shi. Mun ga rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mun ga faɗuwar naira daga Yunin 2023. Mun ga rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wadda ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, da kuma yadda Nijar ta ci gaba da rufe tata iyakar da Benin ko bayan ECOWAS ta ɗage takunkumi, abin da ya sa kaya suka riƙa zagayawa ta Togo da Burkina Faso. A Janairun 2025 kuma ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Duk lokacin da kuɗin mota da na hanya suka ƙaru a kan katan guda, a kan 'yar makaranta yake sauka, kuma uban da ke lissafin kwanon gero ba zai sa auduga a sahun farko ba, idan ma an gaya masa.

Wasu gwamnatoci sun motsa. Kenya ta cire harajin VAT a kan audugar mata tun 2004, ta kuma yi dokar raba ta kyauta a makarantun gwamnati a 2017. Najeriya ta cire harajin a kan wadda aka ƙera a cikin gida ta dokar kuɗi ta 2019. Ghana ta ƙaddamar da rabon auduga kyauta ga 'yan makaranta a Afrilun 2025. A ganinmu wannan kaya ya cancanci a ɗauke shi kamar magani a duk shingayen da ke tsakanin ƙasashen nan, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Illela da Ƙonni, na Jibiya da Ɗan Isa, na Kamba da Gaya, na Mubi da Garwa, suna da bakin da za su faɗi haka a duk zaman da ake yi da jami'ai.

Mu ma akwai namu haƙƙin. Audugar mata tana da ranar lalacewa, ba ta son rana, ba ta son laima. Wanda ya jibge ta a ƙasan sito ruwa na taɓa ta, ko ya farke leda yana sayar da ɗai-ɗai a buɗe cikin ƙura, ko ya saro jabu don ta fi araha, ya sani cewa ƙaiƙayi da cuta yake sayar wa 'yar wani.

Sai kuma magani, inda hatsarin ya fi girma. Yarinya mai ciwon mara ranar wasa takan aika kemis ko wurin mai tebur a ba ta abin da zai kashe ciwo nan take. Idan aka miƙa mata tiramadol an cuce ta sau 2: ga jaraba, ga kuma hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, kuma a dokar wasanni ɗan wasa ne ke ɗaukar alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Haka nan haɗe-haɗen da ba a rubuta abin da ke cikinsu ba. Irin su ibuprofen suna rage ciwon mara, amma ba a sha da wofin ciki, kuma mai gyambon ciki ta guje su. Ƙwayar jinkirta al'ada, wadda matanmu suka sani lokacin aikin Hajji da azumi, ita ma ba abin sha barkatai ba ce. Radcliffe ta faɗa a 2015 cewa a saninta ƙwayar dagula wa 'yan gudu al'amari take yi, kuma tana da hatsari ga mai matsalar daskarewar jini. Likita ne zai ce a sha ko kada a sha, ba mai rumfa ba.

Lissafin da muka riga muka iya

Mun san a cikin masu karatu akwai waɗanda ba su yarda 'ya mace ta shiga wasanni ba sam, kuma wannan shawara ce ta kowane gida. Sai dai FIFA ta halatta rufe kai a fili tun 2014, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da hijabinta, kuma makarantun 'yan mata zalla suna gasar guje-guje a tsakaninsu. Ko ma an ajiye ƙwallo gefe, jikin da muke magana a kai shi ne na mai ɗebo ruwa, da mai surfe, da mai ɗaukar kaya a ka daga tasha zuwa kasuwa. Kasuwar da ba ta da bayin mata mai ruwa da ƙofa ta kori wasu abokan cinikinta kwana 5 a kowane wata ba ta sani ba.

Wani abin lura kuma shi ne, abin da Chelsea ke biyan kuɗi ana yi mata da manhajar waya, matanmu sun daɗe suna yin sa saboda sallah da azumi. Kowace ta san ranar da take fara gani, ta san kwana nawa take ɗauka, ta san ranar tsarki. Abin da ya rage shi ne a ƙara layi 3 a littafin rubutu: yaya ciwo, yaya barci, yaya ƙarfi. Bayan wata 3 za ta ga nata tsarin, ta san ranakun da za ta ƙara ruwa da abinci da hutu, da ranakun da za ta matsa. Sharaɗin kawai shi ne wannan littafi sirrinta ne. Ba koci namiji zai riƙa tambayar yarinya a gaban jama'a ba, kuma bai halatta a yi amfani da shi a ajiye ta a benci ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka kowace tawaga ta 'yan mata tana buƙatar malama ko ma'aikaciyar jinya mace da za a iya yi wa magana.

Gasar cin kofin duniya ta mata ta 2027 a Birazil za a yi ta, kuma masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga hukumomin wasanni na Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Ghana da su sa gwajin jini cikin tantance 'yan wasa mata sau 2 a shekara, su daina ɗinka musu fararen wanduna, su kuma bayyana wa ƙungiyoyi ƙa'idar FIFA ta 2024 da harshen da 'yan wasan ke ji. Attajiran da ke sa kofi a gasar makarantu, su haɗa da katan na auduga da buhun wake, domin sun fi kofin amfani. Iyaye kuma su saurari 'ya'yansu: wadda ke jiƙa auduga duk awa 1 ko 2, ko jininta ke wuce kwana 7, ko ciwo ke hana ta tashi, asibiti take buƙata, ba faɗa ba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya kuma sa albarka a kasuwa.